Fitilar akwatin kifi

Akwai mutanen da ke kiwon ƙananan kifaye cikin ɗaki, ba don ci ba, don kallo. Suna saka su cikin akwatin gilashi cike da ruwa. Sunan akwatin nan akwariyom. A ƙasansa ana shimfiɗa rairayi, a dasa tsirran ruwa.

Tsirran nan suna da aiki babba. In haske ya sauka bisa ganyensu, sai su haɗa abincinsu da ruwa da iskar da kifi ya fitar. Cikin wannan aiki suke sakin oksijan, iskar da kifi ke shaƙa. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, shi ya gano aikin hasken nan a shekara ta 1779. Ya nutsa ɗanyen ganye cikin ruwa. A rana, ya ga ƴan ƙwayoyin iska suna tasowa daga ganyen. Da ya mai da shi inuwa, sai suka tsaya.

To, in haka ne, mi ya hana mu aje akwatin a rana? Abu biyu. Na fari, zafi. Da bazara zafinmu yakan wuce digiri 40, ga ruwan akwati ba yawa, nan da nan ya ɗauki zafi. Ruwa mai zafi ba ya riƙe oksijan da yawa, sai ka ga kifi ya taso sama yana haki. Na biyu, gansakuka. Kun san koren abin nan da ke rufe tabki ko gindin randa. Ita ma haske take so. In ya yi yawa, sai ta rufe gilashin, ta lulluɓe ganye, tsiro ya mutu. Shi ya sa ake aje akwatin nesa da taga, a ɗora mashi fitila.

Ba kowace fitila ba ce ke yi. Fitilar ƙwai haskenta bai isa ba. Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki kuwa, zafinsa ya fi haskensa yawa. Doguwar fitilar neyon ta yi aikin nan shekaru da yawa. Yanzu an fi sayen LED, don ba ta cin wuta sosai, ba ta zafafa ruwa, kuma tana daɗewa.

Mai saye ya dubi lambobi biyu bisa kwalin. Ɗaya tana nuna launin haske. A zaɓi wadda aka rubuta 6500 K ko kusa da haka: haskenta fari ne kamar na tsakar rana. Ɗayar tana nuna yawan haske, ana auna shi da lumen. Tsirran da ba su da wuyar kiwo, lumen 20 ga kowace lita ya ishe su. Amma haske yana raguwa in ya nutsa cikin ruwa. Akwati mai zurfi yana son fitila mai ƙarfi. Haka ma in an saka kainuwa, don tana yawo bisa ruwa, tana yi wa na ƙasa inuwa.

Saura lokaci. Awa 6 zuwa 8 a yini sun isa. Kada a bar fitila ta kwana a kunne: kifi ma yana son duhu ya huta. In ganye ya koɗe, kara ya yi tsawo siriri, haske ya kasa. In gilashi ya fara kore, a rage awa guda, a jira mako guda a gani.

Tambayoyi
Mi Ingenhousz ya gani da ya kai ganye inuwa?
Akwati yana cin lita 60. Lumen nawa za a nema?

Aiki
Ku samo tsiron da ke girma cikin ruwan tabki. Ku raba shi cikin kwalba biyu masu ruwa, ɗaya a rana, ɗaya a duhu. Bayan awa guda ku duba, ku rubuta abin da kuka gani.