Yadda Ake Gina Shagon Ƙasa Mai Rufin Baka

Duk wanda ya shiga Babbar Kasuwar Gombe da tsakar rana a watan Afrilu ya san abin da rufin kwano yake yi wa ɗan Adam. Zufa na tsiyaya, mai shago ya fito waje neman iska, kaya kuma suna gasuwa a ciki. Akwai wani ginin da ya fi wannan dacewa da ƙasa mai zafi, kuma ba baƙonmu ba ne.

A ƙasar Iran, kasuwar birnin Tabriz, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2010, lungunanta a rufe suke da gasasshen bulo mai lanƙwasa, an bar kafa a tsakiyar ƙubbobin domin haske da iska. Masu darduma layinsu daban, masu zinariya daban, ga masallatai da masaukan fatake duk a ciki. Wanda ya san Kasuwar Kurmi ta Kano, da aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ba zai ji baƙunta a can ba, don shi ma ya saba da layin dukawa da na 'yan koli. Abin da maginan Tabriz suka yi da bulo, maginanmu da ƙasa da azara suka yi shi. Da irin wannan gini aka ɗaga Gombe bayan an dawo da fada nan daga Nafaɗa a 1919, tun kafin kamfanin Ashaka ya fara fitar da siminti a 1979.

Aikin na rani ne. Ana farawa bayan kaka, a gama kafin ruwan farko.

Da farko sai a nemo ƙasa, kuma a Gombe nan ne ake yawan kuskure, don yashi ya yi yawa a wurare da dama, baƙar laka kuwa tsagewa take yi idan ta bushe. Jar ƙasa mai danƙo da ɗan tsakuwa ake so. A zuba mata ruwa, a watsa busasshiyar ciyawa da kashin doki ko na jaki, yara su shiga da ƙafa suna tattakawa. Za ka ji yaro ya ce, "Baba, ta yi?" Magini ya damƙi curi, ya matse, ya ce, "Da saura, ku ƙara." Sai a bar ta ta kwana biyu tana tsimuwa, ana yayyafa ruwa ana juyawa. Ƙasar da ba ta tsimu ba, bangonta ba ya tsufa.

Daga nan sai tubali. Da hannu ake cura shi, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana har ya bushe ƙarau, wajen mako biyu. Kafin nan an haƙa harsashi har an taɓa ƙasa mai tauri. Ana jera tubalin a tsaye, gindi ƙasa kai sama, a jefa ɗanyar ƙasa da ƙarfi ta cike tsakani, a shafe da tafin hannu. Bango yakan fara da kauri sosai, yana siranta yana hawa. Magini na zaune bisa bangon, yaro na wurga masa tubali ɗaya bayan ɗaya yana cafewa. Ba a ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska. Tun a nan ake barin alkuki da 'yar taga can sama kusa da rufi, inda zafi zai riƙa fita. A layin kasuwa shaguna biyu bango ɗaya suke rabawa, hanyar tsakani kuma a matse ta, don inuwar wannan ɓangare ta faɗa kan wancan.

Rufi shi ne inda ake sanin gwani. Azara daga gangar giginya ake tsaga ta, namijin ya fi ƙarfi, gara kuma ba ta cinta da sauƙi. Amma azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta haura mita biyu. Ƙaramin shago sai a shimfiɗa ta kai tsaye daga bango zuwa bango. Babba kuwa, irin wanda zai ci buhunan masara na kasuwar Tudun Hatsi, sai an ɗaura baka. Idan bango ya kai kafaɗar mutum, a kafa azara a cikinsa ta leƙo ciki a karkace, haka ma a bangon da ke fuskantarsa. A lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe. A ɗora wata a kai ta ƙara leƙowa, a ɗaure tam da igiya, a sake lulluɓewa. Haka za a yi ta matsowa daga ɓangarorin biyu har su haɗu a sama, a ɗaure su da azarar tsakiya. Mai gaggawa a nan rufi ne zai faɗo masa. Idan aka gitta baka biyu ko fiye, an sami ɗaurin guga ke nan, rufin ya yi tulluwa. Wanda ke son ganin iyakar wannan fasaha ya je Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19.

Sauran aiki mai sauƙi ne: a jera gajerun azara tsakanin bakunan, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa a daɓe da ɗan gangare, a sa indararo mai tsawo don kada ruwa ya bi bango. A ƙarshe sai yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka kwaɓa ƙasa da shi. A Kano kan shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin akuya. A ciki a yi dakalin jera kaya, a daɓe ƙasa.

Ginin yana da nasa nauyi. Dole a duba yaɓe kowace shekara kafin damina, kaurin bango na cin fili, giginya kuma ta yi ƙaranci don ana sara ba a shukawa. Amma shagon ƙasa da sanyi yake wuni, kuma wuta ba ta tsallake bangonsa yadda take bin katako da kwano, kamar yadda aka gani a gobarar Kasuwar Sabon Garin Kano a 2016.

Ina roƙon shugabannin kasuwannin Gombe da hukumomin tsara gari: duk sanda za a yi sabon layi, a ware shaguna kaɗan a kira tsofaffin magina su gina su da baka, a kawo ɗaliban makarantun fasaha su yi aikin tare da su, tun masu sanin ɗaurin suna da ƙarfin hawa bango.