Me ke riƙe mutum a bisa ruwa?

In damina ta tsaya, tabkunan ƙasar Birnin Lalle sukan cika. Yara su kai awaki shan ruwa, sai su tuɓe riga su faɗa ciki. Yawancinsu ba su iya iyo ba, don ƙasarmu ba ta kogi ba ce. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum wajen 300,000 ruwa ya ci a duniya, da yawansu yara ne. Yau za mu koyi abin da ke sa abu ya nutse ko ya tsaya bisa ruwa.

Mu fara da gwaji. A kawo babbar tasa cike da ruwa. Jefa ƙusa ciki: ta nutse. Aza kwanon ƙarfe: ya tsaya, alhali ya fi ƙusa nauyi. Me ya sa? Duk abin da ya shiga ruwa sai ya ture ruwa ya samu wurin zama. Shi kuma ruwa yana tura abin nan sama, da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da aka ture. Kwano yana da faɗi, cikinsa iska ce, ya ture ruwa mai yawa. Yanzu riƙa sa tsakuwa ciki, ɗaya bayan ɗaya. Kwano ya yi ta sauka har ruwa ya shiga, ya nutse. Wani masani Bagirke mai suna Arkimidis ya gano wannan ƙa'ida, yau fiye da shekara 2,200.

Ga lissafi. Litir 1 na ruwa nauyinsa kilo 1 ne. Bido mai litir 20, in ba kome ciki, nauyinsa wajen kilo 1. In an rufe bakinsa da kyau, sai an ɗora masa wajen kilo 19 kafin ya nutse. Masuntan Argungu, a jihar Kebbi, sun daɗe da sanin haka. Bisa babbar gora suke kwanciya su ratsa kogi.

Akwai mutanen da sarrafa wannan ƙa'ida shi ne aikinsu, wato masu nutso. Su ke shiga ƙarƙashin teku ko kogi su gyara jirgi, ko su nemo wanda ruwa ya ci. A shekarar 1943 wasu Faransawa biyu, Kusto da Ganyan, suka ƙera na'urar da ke ba mutum iska daga tulun ƙarfe da ya goya a baya. Numfashi ya samu. Sai wata wahala ta rage: yaya mutum zai tsaya tsakiyar ruwa, bai faɗa ƙasa ba, bai taso sama ba?

Mai nutso yana da kaya biyu masu jayayya da juna. Na farko ɗamarar darma ce mai ƴan kilo, ita ke jan shi ƙasa. Na biyu riga ce marar hannu mai jaka a ciki, an haɗa ta da tulun iska. In ya danna maɓalli, iska ta shiga rigar, ta ɗaga shi. In ya buɗe wata kafa, iska ta fita, ya sauka. Kifi ma haka yake yi. Wanda ya taɓa feɗe kifi ya ga ƴar farar jaka cikinsa, to ita ce rigarsa ta iska.

Kafin ya sauka, yakan auna darmarsa. Ya fid da iskar riga duka, ya riƙe numfashi na yau da kullum. In ruwa ya tsaya masa daidai ido, nauyi ya yi daidai. In ya wuce kai tsaye, darma ta yi yawa.

Wurin da hatsari yake shi ne zurfi. Ruwa yana matse iska. A zurfin metir 10, iskar da ke cikin riga ta koma rabin girmanta. A metir 30 ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Riga ta ƙanƙance, ba ta ture ruwa da yawa, mutum ya yi ta sauka da sauri. Don haka yana sauka yana ƙara iska kaɗan-kaɗan. Wajen hawa kuma abin ya juya: iska ta kumbura. In bai rage ta ba, sai ya taso kamar gorar da aka danna cikin ruwa aka saki. Wannan yakan yi kisa. Iskar huhu ma kumbura take yi, tana iya fasa huhu. Shi ya sa mai nutso da tulu ba ya riƙe numfashi a cikin zurfi. Yana hawa sannu, kada ya wuce wajen metir 10 a minti ɗaya. In saura metir 5 ya fito, ya tsaya minti 3.

Gwanin nutso ba ya yawan taɓa maɓalli. Da ƙirjinsa yake gyara tsayuwa. Ya ja numfashi, ya ɗan tashi. Ya saki, ya ɗan sauka. Huhun babban mutum yana ɗaukar iska litir 5 zuwa 6. Kun ga ashe kowannenmu yana yawo da ƴar gorarsa cikin ƙirji.

To, mu komo bakin tabki. Wanda ya faɗa ruwa yakan yi ihu, ya ɗaga hannuwa sama. Ihu ya fid da iskarsa. Hannun da ya fita daga ruwa kuma ruwa ba ya ɗaukarsa, ya zama kaya a kansa. Abin da ya kamata shi ne ya kwanta rigingine, kunnuwa cikin ruwa, haɓa sama, ya buɗe hannuwa, ya riƙa numfashi sannu. In yana riƙe da kaya mai nauyi, ya saki. Mai nutso ma in ya shiga wahala a bisa ruwa, ɗamarar darmarsa yake kwancewa ya yar. A koya ma yara kwanciyar nan inda ruwa bai wuce ƙugu ba, babba na riƙe da su.

Kai kuma da ke bakin ruwa, kada ka faɗa in ba ka iya iyo sosai ba. Mai nutsewa yakan rungume wanda ya zo cetonsa, su tafi tare. Miƙa masa doguwar sanda. Ko ka ɗaure igiyar guga a hannun bido, ka jefa masa, ka jawo. Zuba ɗan ruwa kamar litir 1 cikin bidon don iska kada ta kauce da shi, ka murɗe marfi sosai. Bido marar marfi kwanon nan ne da muka cika da tsakuwa.

Amma kada a bar yara su shiga zurfi da bido don wasa. Bido yana da santsi, yana kuɓucewa.

In an fid da mutum, a kai shi likita ko da ya tashi yana magana. Ruwan da ya shiga huhu yana iya tsananta masa bayan ƴan awoyi.