RIGIMAR KIRISTOCI A TSAKANINSU: INA IYAKAR RAHA?



'Yan'uwa, duk lokacin da rikici ya ɓarke a wata coci, sai ka ga matasanmu sun cika waya da hotuna da shaguɓe, kowa na neman wanda zai fi ba da dariya. Shin Musulunci ya yarda da wannan?

Saɓanin nasu dai tsoho ne. A shekarar 325 aka tara malamansu a Nikiya kan matsayin Annabi Isa (AS). A 451 aka sake zama a Kalsidon, daga nan Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha suka kama hanyarsu. A 1054 Rum da Kusɗanɗiniyya suka raba gari, a 1517 kuma Martin Luther ya yi wa Paparoma bore. Suratul Ma'ida aya ta 14 ta ba mu labarin gabar da ke tsakaninsu. Don haka karanta tarihin nan da karantar da shi ilimi ne, babu laifi.

Kuma gaskiya akwai abin murmushi a ciki. Ku dubi Kanisatul Ƙiyama da ke Ƙudus, wadda ɗariku shida suke rabon ta. Akwai wani tsani na katako a ƙarƙashin taga, tun ƙarni na 18 yake nan, domin ba mai ikon taɓa kayan wurin sai da yardar sauran. A watan Nuwamba 2008 limaman Girkawa da na Armeniyawa suka ba hammata iska a cikinta har sai da 'yan sanda suka shiga. Makullin ƙofar kuwa yana hannun Musulmi: gidan Juda ke ajiye shi, gidan Nusaiba ke buɗewa. Wanda ya ji labarin tsanin nan bai murmusa ba, to sai a duba lafiyarsa. Amma ku tsaya a kan makullin. Me ya sa ɓangarorin da ba su yarda da juna ba suka yarda da Musulmi? Saboda sun ga amana. Da gidajen nan biyu suna tsayawa bakin ƙofa suna yi musu tsiya, da tuni an karɓe makullin.

Manzon Allah (SAW) yana raha, sai dai ba ya faɗin komai sai gaskiya. Wannan shi ne ma'auni na farko: kada ka ƙara gishiri, kada ka tura bidiyon da ba ka san asalinsa ba. Na biyu ya fi nauyi. Suratul An'am aya ta 108 ta hana zagin abin da wasu suke bautawa, don kada su rama da zagin Allah bisa jahilci. Sau nawa shaguɓen yaro ɗaya ya jawo aka taɓa mutuncin Annabi (SAW) a ƙarƙashin rubutunsa? Wa ya buɗe ƙofar? Ga kuma Annabi Isa da Nana Maryam, waɗanda sau da yawa barkwancin yake gogar su mai yi bai lura ba. Wannan kam ya bar babin ladabi ya shiga babin aƙida.

Akwai kuma inda raha ba ta da wuri sam. A 2024 cocin United Methodist ta Nijeriya ta dare biyu, a watan Disamba har aka rasa rayuka a Karim Lamido ta jihar Taraba. Jini ne ya zuba, gidaje aka ƙona. Wanda ya sa alamar dariya a ƙarƙashin wannan labari, ya binciki zuciyarsa.

Mu ma fa gidanmu ba a rasa ba. Izala ta yi shekaru a rabe, ɓangaren Jos da na Kaduna, ga ƙabalu da sadalu, ga rigimar ganin wata kusan duk Ramadan. Yaya kake ji idan wanda ba Musulmi ba ya mai da waɗannan abin wasa?

Suratul Ankabut aya ta 46 ta umarce mu da mu yi jayayya da Ma'abota Littafi ta hanya mafi kyau. Ba a ce ka yarda da Triniti ba. Ka faɗi tauhidi ƙarara, da hujja. Amma ɗan bautar ƙasan da ke koyar da ƙannenka a Gwaram, da ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a kan mahaifiyarka a Birnin Kudu, suna da Facebook, kuma suna karanta abin da kake rubutawa.

Allah Ya tsare mana harsunanmu da yatsunmu.

Daga Maruta, ƙaramar hukumar Gwaram.