Darasi Na Tara: Lambun Makaranta Allo Ne

Bako unguwa ce a cikin Yola, garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841. Kogin Binuwai yana kusa. A Jimeta kuma ga Tafkin Geriyo, inda manoman rani ke noman shinkafa da kayan miya. Mutanen wannan yanki sun san ƙasa, sun san ruwa. Wannan sanin yana da amfani har a ajin ƙananan yara.

Yaro ɗan shekara biyar ba ya iya zama wuri ɗaya na dogon lokaci. Idan an ce masa "uku da biyu biyar", zai maimaita, gobe ya manta. Amma idan ya jefa ƙwayar wake uku a rami, ya ƙara biyu, ya ƙirga da yatsansa, lissafin ya zauna. Gani ya kori ji.

Yadda ake kafa lambun

Ba sai da babban fili ba. A nemi wurin da rana ke samu, kusa da rijiya ko famfo. A fara da shinge na kara ko zana, domin akuya ba ta san lambun makaranta ba.

A zuba busasshen kashin shanu wanda ya ruɓe, a gauraya da ƙasa. Ɗanyen kashi yana ƙona shuka. Da rani a yi fangali mai ɗan zurfi don ya riƙe ruwa. Da damina, daga Mayu zuwa Oktoba, a tayar da kunya, kada ruwa ya kwanta a gindin shuka.

A zaɓi abin da ba ya daɗewa, domin haƙurin yara gajere ne. Wake yana tsirowa cikin kwana uku zuwa biyar. Alayyahu ana cirarsa bayan kamar mako huɗu. Kuɓewa tana fara 'ya'ya wajen wata biyu. A jikin shinge a dasa zogale, shi zai daɗe ana cin ganyensa.

A watan Maris da Afrilu zafin Yola yakan wuce digiri 40. A yi ban ruwa da sassafe ko da yamma. Ruwan alwala ma kada a bar shi ya tafi a banza, a tara a bokiti a kai wa shuka.

Abin da yaro ke koya

Lissafi: malama ta ja layi 3, kowane layi rami 10. Ramuka nawa ke nan? 30. Idan kowane rami ya ci ƙwaya 2, ana bukatar ƙwaya 60. Kowace Litinin yara su auna tsawon kuɓewa da tsinke, su ga yadda ta ƙaru.

Karatu: a rubuta sunan kowace shuka a ɗan katako, a kafa a bakin fangali. Haruffan nan masu lanƙwasa duk suna cikin lambu: ɓ a kuɓewa, ɗ a gyaɗa, ƙ a ƙasa. Yaron da ake Fulatanci a gidansu zai ce wa gyaɗa biriiji, ya ce wa ruwa ndiyam. A rubuta masa duka biyun.

Kimiyya: a shuka wake a gwangwani biyu. A ajiye ɗaya a rana, ɗaya a cikin ɗaki mai duhu, a riƙa ba su ruwa daidai. Bayan mako guda na duhu zai yi tsawo, ya yi fari, ya langaɓe. Na rana zai yi kore shar. Kada a gaya wa yara dalili tukuna, a bari su fara faɗin nasu.

Tsafta: duk wanda ya taɓa taki ya wanke hannu da sabulu. Kada a ba yara maganin ƙwari na kanti. Toka ko ruwan da aka jiƙa ganyen darbejiya a ciki suna rage ƙwari.

Aikin iyaye

Kai da kake koyon baƙaƙe yanzu, ka riga malama sanin lokacin shuka. Ke da kike haɗa kwaɗon zogale, kin san ganyen da ya isa tsinka. Ku je makaranta ku nuna. Lokacin hutu kuma ku raba kwanakin ban ruwa tsakaninku. Da yamma yaro ya karanta maka sunan shuka, kai kuma ka gaya masa ranar da za a cire ta.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake fara yin shinge?
2. Wane irin taki ne ke ƙona shuka?
3. Layi 4, kowanne rami 8. Ramuka nawa ne?

Aikin rubutu

Rubuta waɗannan sau uku-uku: kuɓewa, gyaɗa, ƙasa, zogale. Sannan ka shuka wake biyar a gwangwani, ka rubuta kwanan watan da ka shuka da ranar da ya tsiro.