Daga Ina Tambarin Kaya Ya Samo Asali?

'Yan'uwa ɗalibai, in aka aike mu sayen Maggi ko Omo, tambarin muke fara dubawa kafin mu miƙa kuɗi. Ashe wannan dabara ta girmi kamfanoni nesa ba kusa ba.

A jikin dabbobi ta fara. Duk wanda ya taɓa shiga kara a kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ya ga raƙuman Nijar da shaida a wuya ko a cinya. Ƙarfe ake sawa a wuta ya yi ja, a ɗora. Kowane gida da irin shaidarsa, ko an sace raƙumi ita za ta tona asirin ɓarawo. Mutanen Masar ma haka suke yi wa shanunsu fiye da shekara 4,000 da suka wuce, zanen yana nan a bangon kaburburansu. Daga baya maginan tukwane na Rum suka riƙa danna sunansu a yumɓu tun yana ɗanye.

Kalmar ma ta burge mu. Tambari gangar sarauta ce, irin wadda ake kaɗa wa Sarkin Daura, da ka ji ta ka san mai ita.

Matsalar yanzu 'yan jabu ne, har tambarin magani suke kwaikwaya. Mun jera kwalin gaske da na jabu a ajinmu, mutum biyu kawai suka gane.