Darasi na 14: Hawan Dutse da Gayya Lokacin Ɗari a Ƙasar Adar

1. Ɗari ya shigo

Bayan kaka, sai ɗari. A ƙasar Adar yana somawa cikin watan Nuwamba, ya kai har Fabrairu. Iska tana busowa daga arewa maso gabas, daga wajen hamada. Sunanta hunturu. Tana zuwa da buda, har rana ta yi fari fat kamar wata. Da asuba sanyi yakan kai digiri 15, wani lokaci ma ƙasa da haka. Tsofaffi suna jin ɗumi bakin wuta. Leɓuna suna tsagewa, ƙafafu suna kaushi.

A wannan lokaci hatsi ya shiga rumbu. Masu garka suna ban ruwan albasa cikin fadamun Madawa. Samari da yawa sun tafi bida. Waɗanda suka rage a gida suna da sauƙin aiki, rana kuma ba ta da zafi ƙwarai. Saboda haka ɗari lokacin wasa ne. Yara suna langa da dare, manya suna dara ƙarƙashin itace, ƴan kokawa suna shiga fage. Babbar kokawar ƙasa, wadda ake ba zakaranta takobi, a Tawa aka fara ta a shekarar 1975.

Ɗari kuma shi ne lokacin da ya fi daɗin tafiya ƙasa. Wanda bai iya hawa tudu cikin zafin bazara ba, yanzu yana iyawa.

2. Abin da ake gani daga kan dutse

Gundumomin Madawa da Buza da Keita suna cikin jihar Tawa. Ƙasa ce ta duwatsu da kwari. Bisa akwai fako shimfiɗe, cike da tsakuwa. Ƙasa akwai fadamu: ta Keita, ta Majiya wadda ta ratsa ƙasar Buza, da ta Tarka wadda ta bi ta Madawa.

Ranar hutu, ƴan makaranta suna iya hawa dutsen garinsu tare da mushe. Suna tashi da hantsi, in sanyi ya ɗan sassauta. A gindin dutse suna wuce gawo da bagaruwa da magarya. In sun hau, sai su tarar da anza da sabara da geza. Mai lura yakan tsinci dutse mai siffar ƙumba ko ta katantanwa. Wannan shaida ce cewa a zamanin da, tun miliyoyin shekaru, teku ta rufe wannan ƙasa. Irin farin dutsen nan ne ake yin siminti da shi a Malbaza.

Daga bisa, gari yana zama ɗan ƙarami. Ana ganin rumbuna da rijiya da hanyar kasuwa. Ana ganin wani abu kuma wanda ba a gane shi sosai daga ƙasa, wato hanyar ruwa. Ruwan sama ba shi da yawa a nan, amma yakan zuba da ƙarfi. In ya faɗi kan fako maras ciyawa, ba ya shiga ƙasa. Sai ya gangaro da gudu, ya yanki jikin dutse, ya zama korama. Korama tana cin bakin gona kowace damina. Tana kwashe ƙasa mai kyau, ta zuba rairayi cikin fadama. Wanda ya hau dutse ya gani da idonsa: ɓarnar gona daga bisa take farawa. Gani ya kori ji.

3. Masu yawon duwatsu a wasu ƙasashe

A ƙasashen Turai akwai ƙungiyoyin masu hawan duwatsu da tafiya ƙasa. An kafa ɗaya a Ingila a 1857, wata a Faransa a 1874. Can ɗari yana zuwa da ƙanƙara, amma ba ya hana su fita. Sukan sa tufafi masu kauri su kama hanya.

Ba yawo kaɗai suke yi ba. A Faransa, tun 1947, ƴan sa-kai ne suke shafa fenti fari da ja a jikin duwatsu da itatuwa, don kada matafiyi ya ɓata. Suna share hanya, suna gyara inda ruwa ya ci. Ba a biyan su ko dala. Dokarsu mai sauƙi ce: wanda ya ji daɗin dutse, ya yi wa dutse aiki.

Wannan doka ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Sunanta gayya. Bayan 1974, zamanin mulkin Seyni Kunce, an raya samariya cikin garuruwan Nijar. Sarkin samari yakan sa a yi shela, makaɗa su fito, matasa su gina aji ko su gyara hanya. Samariya irin ta wancan zamani ta wuce, amma gayya tana nan.

4. Katangar itatuwa ta Majiya

Bayan farin 1973, fadamar Majiya ta rasa itatuwa da yawa. Hunturu yana kwashe ƙasa. Iskar farkon damina tana binne shuka da rairayi, har manomi ya yi shuka sau biyu ko sau uku.

A 1975 ma'aikatan gandun daji na Buza da ƙungiyar CARE suka soma aiki tare da mutanen Garadume. Suka dasa dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, jeri biyu biyu. Tsakanin wannan katanga da waccan akwai mita 100. An jera su ta yadda za su tare iska. Mutanen gari ne suka haƙa ramu, suka dasa. Aka sa masu gadi don kada awaki su cinye ƙananan itatuwa. Sannu a hankali jerin ya kai ɗaruruwan kilomita. Da aka auna, sai aka ga hatsin da ke bayan katanga ya fi na fili albarka. Da itatuwan suka girma, aka riƙa sassabe rassansu, aka sami itacen wuta da na gini.

5. Matan Keita da duwatsu

A 1984 fari ya sake komowa. A wannan shekara aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita. Ƙasar Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta ba da ƙwararru, hukumar PAM ta ba da abinci. Maza da yawa sun tafi bida, don haka mafi yawan ma'aikatan mata ne. Ba gayya zalla ba ce, gama ana ba kowace mace abincin yini ladan aikinta. Amma aikin taro ne, na gari duka, don ƙasar gari.

Daga bisa suka fara, inda ɓarna take farawa. A jikin dutse suka haƙa ramu da diga da felu, kowane tsawonsa wajen mita 3, suka dasa itace ciki. In ruwa ya gangaro, sai ramin ya riƙe shi. Kan fako suka ta da kunya mai tsawo, suka lulluɓe ta da duwatsu. Cikin korama suka jera duwatsu cikin ragar waya, don ruwa ya rage gudu ya bar ƙasarsa. Duwatsun nan da yawa bisa kai aka ɗauko su, da gammo.

Cikin shekara 20, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an gyara ƙasa fiye da ekta 30,000. Wanda ya hau tudu a wajen Tamaske ko Ibohaman ko Garhanga yana ganin sawun wannan aiki.

6. Aiki bai ƙare ba

Babban aikin ya tashi, motocinsa sun tafi. Amma ruwa bai daina gangarowa ba, hunturu bai daina busowa ba. Rami yana cikewa da ƙasa. Jerin duwatsu yana rushewa. Mai gatari yana sare itace da dare. In ba a gyara ba, korama za ta koma inda take, wahalar iyaye da kakanni ta tafi banza.

Lokacin gyara shi ne ɗari, tun ruwa bai zo ba. Dashe kuwa sai damina, kamar ranar 3 ga Agusta, wadda ake dasa itatuwa cikinta a Nijar tun 1975. Ƴan makaranta ba su iya gina madatsa, amma suna iya mai da dutsen da ya faɗi mazauninsa. Suna iya yashe rami, su kewaye ƙaramin itace da ƙaya. Suna iya tara irin bagaruwa da na gawo don garkar makaranta. In sun ga sabuwar korama, su faɗa wa mai gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

7. Dokokin mai hawan dutse

- Ba ya tafiya shi kaɗai, kuma ba ya fita sai da sanin iyaye.
- Yana riƙe gorar ruwa, ko da ana sanyi.
- Yana sa takalmi saboda ƙaya da tsakuwa.
- Yana juya dutse da sanda kafin ya ɗauka, saboda kunama da maciji.
- Ba ya hura wuta cikin busasshiyar ciyawa.
- Ba ya ratsa garka, ba ya tsorata garken makiyayi.
- In buda ta yi kauri, yana zama gida.
- Yana komowa tun rana ba ta faɗi ba.

Ma'anar kalmomi

*Buda:* ƙura mai laushi wadda hunturu ke kawowa.
*Fako:* ƙasa mai tauri wadda ruwa ba ya shiga.
*Bida:* tafiya neman kuɗi bayan kaka.
*Ɗan sa-kai:* mai yin aiki don ransa, ba don lada ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa ɗari ya fi bazara daɗin tafiya ƙasa?
2. Yaya korama take haihuwa?
3. Don me aka dasa dogon yaro jeri jeri a Majiya?
4. Su wa suka fi yawa cikin aikin Keita? Me ya jawo haka?
5. Ina bambanci tsakanin gayya da aikin lada?

Aiki

a) Ku zana taswirar garinku. Ku nuna dutse da korama da gonaki.
b) Tsakanin katanga da katanga mita 100 ne. Mita nawa ne daga katanga ta farko zuwa ta 8?
c) Ku tambayi wata tsohuwa yadda dutsen garinku yake lokacin ƙuruciyarta. Ku rubuta amsarta cikin layi 5.