Yadda Ake Tashi Zuwa Sabon Gida a Tsakiyar Hunturu

Ba wanda ke zaɓar hunturu don ya tashi daga gida. Sai dai hayar mutane da yawa a ƙarshen Disamba take ƙarewa, canjin wurin aiki ba ya duba yanayi, ga bukukuwan aure da ake tarawa a hutun ƙarshen shekara, kowace amarya da motar jerenta. Daga Disamba zuwa Janairu kuwa, ko a Kano kake ko Zariya ko Maraɗi, iskar arewa maso gabas na kaɗawa da ƙurar Sahara, wani daren ma'aunin zafi ya sauko kusan digiri 10, a Jos ma ƙasa da haka. Mai ce maka ka tara kwalaye ka kira mota kawai, bai taɓa kwana a sabon gida cikin Janairu ba.

Fara da gidan da za ka shiga. Ka je aƙalla mako guda kafin ranar tashi, kuma bayan magariba, domin da rana ba za ka gane ta inda iska ke shigowa ba. Ka rufe ƙofa, ka bi tagogi da tafin hannu. Gilashin da ya fashe a sauya shi, ƙasan ƙofa a tare da tsumma, silin da ya ɓule a gyara. Labule mai kauri shi ne abin da za a fara ratayawa.

In za a yi fenti ko feshin maganin ƙwari, yanzu ne lokacinsa. Mutane kan bar shi sai ana gobe tashi, sannan su kwana a ɗakin da tagogi rufe saboda sanyi, yara su wayi gari da tari da ciwon kai. Fenti yana son kwanaki da taga a buɗe. Wajen shara kuma kada a sa tsintsiya a busasshen daɓe, ƙurar tashi za ta yi ta sake sauka. A kakkaɓe yanar gizo, a yayyafa ruwa, a share, a bi da jiƙaƙƙen tsumma.

Ka duba ko akwai bashin wuta a kan mitar, ka sa mai gyaran wuta ya duba soket ɗin da za a riƙa jona hita. A cika tanki ko jarkoki da ruwa ana gobe tashi.

Ɗaurin kaya. Duk abin da ba a rufe ba zai iso da launin ƙasa. Tufafi su shiga jakunkunan Ghana-must-go masu zif mai kyau, ni na fi yarda da su a kan buhu. Katifa a naɗe ta da leda, a liƙe bakin. Talabijin da kwamfuta su shiga kwali, kwalin ma a rufe shi da leda. Tangaram a naɗe shi cikin zannuwa da tawul, kin ga uwargida kin rage kaya ɗaya. A rubuta sunan ɗaki a jikin kowane kwali.

Katako, inda asarar take. A hunturu danshin iska yana raguwa ƙwarai, katako ya bushe ya tsuke, gam ya saki, gaɓoɓin gado da kujera su yi sako-sako. Wadurof ɗin da ya yi shekaru a tsaye lafiya lau, da an ɗaga shi a wannan yanayi sai ka ji ƙas. Mafi rauni su ne kayan zamani na matsattsen garin katako, irin waɗanda ake cika ɗakin amarya da su. In ramin kusa ya fashe a jikinsu, ba ya sake riƙewa yadda yake a da.

Saboda haka kada ka yarda 'yan dako su ce za su ɗauki kayan katakon a haɗe, wai ai ba nisa. Nemo kafinta, in da hali wanda ya haɗa kayan tun farko, ya kwance su ɓangare-ɓangare ana gobe tashi. Kafin ya taɓa komai ka ɗauki hoton kowane kaya da wayarka. Kusoshi da ƙarafan kowane gado su shiga ledarsu daban, a ɗaure a jikin allon gadon, kada a zube su duka a roba ɗaya. Madubi da ƙofofin gilashi a cire su, a naɗe da tsohon bargo, a jingine su a tsaye cikin mota, ba a kwance ba. Kuma ku yi magana da kafintan tun farko cewa shi zai bi motar ya mayar da su a ranar. Ladansa bai taka kara ya karya ba in ka kwatanta da kuɗin sabon wadurof. Kada a bar alluna a tsakar gida rana da iska na dukansu, a shigar da su ɗaki kai tsaye. Kujerun roba ma karyewa suke yi a sanyi, kada a jefo su daga mota.

Mota da lokaci. A-kori-kura da kanta duk a buɗe suke, don haka tun wajen ciniki ka tambayi direba ko yana da tamfol da igiya. In babu, nemi wani. Ku daddale ko kuɗin ya haɗa da 'yan dako, da sawu nawa. Ban yarda da sammakon asuba ba, musamman in za a hau babban titi: hazo kan rufe hanya, hannuwa kuma a ƙage suke. A fara lodi da hantsi, a gama sauke kaya kafin la'asar, don duhu na saurin shigowa. Firji a tsaye ake ɗaukarsa, in an isa a bar shi wasu sa'o'i kafin a jona. Tukunyar gas a rufe ta sosai, ita ma a tsaye. Janareta a juye man da ke ciki. A tanadar wa masu aiki takunkumi da shayi ko koko mai zafi.

Jakar daren farko. Wannan ba ta hawa motar kaya, tana hannunka: barguna, rigunan sanyi, safa da hulunan yara, basilin ko man kaɗanya, fulas ɗin ruwan zafi, tocila, caja, da magunguna, musamman abin shaƙa na mai asma. Ƙananan yara da tsofaffi su wuni a gidan 'yan uwa, sai ƙura ta lafa an haɗa ɗaki ɗaya cif a ɗauko su. Sauran ɗakuna su jira gobe.

Gawayi. Gidan da ya daɗe ba kowa sanyi gare shi, kuma daren farko ne ake cewa bari a shigo da kaskon wuta ɗaki. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, mutum yana barci take kashe shi. Kai da ka toshe kowace kafa da hannunka, ɗakinka ya fi na kowa haɗari. Haka janareta, a waje yake kwana, nesa da taga. Hita kuma kada a jona a tafi, domin gida cike yake da kwali da leda da katifa, iska a bushe, gobara ba ta jira. Ku ji ɗumin wutar a tsakar gida, a kashe ta da ruwa kafin a shiga. In sanyi ya matsa, a ƙara bargo. Don Allah, maigida, ka zagaya ka tabbatar da wannan da idonka kafin ka kwanta.